Kada Kyanwa Ta Cinye Malama

Mamma,

Ina gaisuwa da kyau. Yaya gwiwarki? Yaya Ketill da tumaki?

Ina lafiya a Ísafjörður. Rana ta daina leƙowa, rigar sanyina ta ɗan huje, amma ba komai.

Jiya na ba ɗalibaina labarin ƙatuwar kyanwar nan mai cinye wanda Kirsimeti ya riska babu sabuwar sutura. Ƙaramarsu, Hekla, ta ƙare wa rigata kallo ta ce, "To Malama, wa zai koyar da mu a Janairu?"

Yau sun kawo mini safa. Ko ɗaya ba ta wuce yatsuna ba.

Don Allah ki saƙa mini riga. Saboda yaran ne, ni ba na tsoro. Amma ki aiko da wuri.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Sólrún