Baƙon da Baba Yake Jira

Nassarawa, Kano.

Zuwa ga Yaya Zubairu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Najla da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta muku sanyin Kanada da ba ka gajiya da ba mu labarinsa. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana sallah a tsaye. Autarmu Safiya ta gama jarrabawa, tana gida tana gyara wa kowa Turancinsa. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, domin na lura layinka yakan lalace ne daidai inda magana ta fara nauyi.

Maganar jar Fijon Baba ce. Ka tuna ranar da ka hango ta a bayansa muna waya ta bidiyo, ka ce abin kunya ne a ga motar tsohon babban sakatare ta koɗe kamar kwanon rufi. Ka ce ka karanta a wani wuri cewa mai ciwon mantuwa, idan ya ga abinsa yadda yake a da, tunaninsa kan farfaɗo. Ban ɗora maka laifin kai kaɗai ba. Ni ma da digirina biyu na ce wannan shawara ce ta masu ilimi.

Abin da wayar ba ta nuna maka ba shi ne safiyar gidan nan. Shekara uku ke nan Baba bai kira sunana ba, Malama yake ce mini. Amma kullum da hantsi sai ya ɗauki tsummansa ya fita gindin mangwaro ya goge motar. Fentin ya riga ya zama gari, saboda haka duk gogar da ya yi sai tsumman ya yi ja. Sai ya kawo wa Umma shi ƙofar kicin ya nuna mata, ta yi masa sannu da aiki, ya wanke hannu ya zauna ya shanye kununsa da ƙosai. Abincin da yake ci sosai ke nan a yini. Motar ba ta taɓa yin ƙyalli ba, shi ya sa aikin bai taɓa ƙarewa ba. Muna kallon wannan kullum, ba wanda ya fahimta.

Na samo wani mai fenti daga Tudun Wada, Malam Ahmadu, dattijo marar yawan magana. Muka kai Baba gidan Gwaggo Hauwa a Gawuna ya kwana biyu, wai don mu ba shi mamaki. Malam Ahmadu ya shafa bonet da yatsa, ya ce fentin asali yana nan da ransa a ƙarƙashin wanda ya mutu. Ya wanke ta, ya bi ta da samfefa mai laushi da ruwa, ya sa injinsa mai juya soso da man gogewa, daga ƙarshe ya shafe ta da kaki. Ana cikin aikin ya nuna mini wani wuri a bonet inda fentin ya siɗe a zagaye, iya inda hannun mutum yake kaiwa. Ya tambaya wa yake goge ta haka, ya ce idan muna so zai bar wurin. Na ce ya goge duka, ba na son rabin aiki. Da ya gama, ana ƙirga ganyen mangwaro a jikinta. Na turo maka hoton, ka ce ko Baba zai yi kuka don daɗi.

Da muka dawo da shi, ya tsaya a bakin get ya daɗe yana kallonta. Sai ya gyara hularsa, ya tambayi Umma a hankali me ya sa ba a gaya masa an yi baƙo ba. Ya shiga ya sa babbar rigarsa, ya zauna a falo. Aka kawo abinci, ya ce a gidansa ba a taɓa cin abinci kafin baƙo ba. Ya manta sunana, ya manta shekarar da muke ciki, amma wannan bai manta ba. Washegari na miƙa masa tsummansa na ja shi zuwa gindin mangwaro, ya dube ni kamar yarinyar da ba ta samu tarbiyya ba, ya ce ba a taɓa motar mutane. Na goga masa da kaina don ya gani. Tsumman ya fito fari.

Yau kwana goma sha tara. Kada ka fara lissafa mini dabaru, mun gwada su. Mun kai motar gidan maƙwabta, ya leƙa bai gan ta ba, ya zauna yana hawaye wai baƙo ya tafi ko ruwa bai sha ba, mun zubar masa da mutunci a gari. Ranar ko shayi bai karɓa ba, dole muka dawo da ita. Na roƙi wani abokin aikina, Malam Malachi, mutumin Zariya, ya sa kaftani ya zo a matsayin baƙon. Yaya, da ka ga Baba ranar. Ya zuba masa kunu da hannunsa, ya tambaye shi hanya, ya cinye ƙosai takwas, Umma tana ƙirgawa daga bayan labule. Gari ya waye, mota tana nan, baƙo ba ya nan, muka koma inda muka fara. Malachi ya zo sau huɗu, Allah Ya saka masa, amma yana da ɗalibai da iyali a Kaura Goje, ba zan mayar da shi ɗan gidanmu ba. Sau biyu likita yana zuwa yi wa Baba ƙarin ruwa. Babbar rigar ta fara yi masa kama da ta aro.

Na koma wurin Malam Ahmadu na tambaye shi ko zai iya mayar da ita yadda take. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a ba a taɓa roƙonsa haka ba. Ya ce waccan koɗewar aikin zafin rana ce, shekara ashirin ta yi tana yin sa, amma idan na bar ta a fili ba kaki, wataƙila biyar ta isa. Na fitar da ita daga inuwa, kullum ina wanke ta da omo kafin in tafi aiki. Maƙwabta suna gaishe ni da tausayi. Har yanzu tana sheƙi. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah, Baba kuwa ba shi da shekara biyar. Yadda nake ganinsa, ban san ko yana da wata biyar ba.

Saboda haka ga abin da ya rage. Gidan nan yana buƙatar baƙon da zai kwana ya tashi, ya zauna a falo kowace safiya a zuba masa kunu. Shekara shida ba ka zo ba, kullum kana cewa me ye amfanin zuwa tunda ba zai gane ka ba. Gaskiyarka, ba zai gane ka ba. A duk danginmu kai kaɗai ka cika wannan sharaɗi. Kada ka turo magani, kada ka turo mini wani abin da ka karanta.

Umma tana gaishe ka, ba ta san na rubuto ba. Safiya da Gwaggo Hauwa suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti Najla, ka shafa mini kan Nabil da Luba. Idan ka sa ranar, ka gaya mini in tare ka a bakin get da makullin motar. Ina so ya gan ka kana fitowa daga cikinta.

Wassalam, ƙanwarka,
Raudatu