Ƙorafi Kan Na'urar Da Ta Ƙi Karɓar Yatsun Maiɗakina

Daga: Tsohon direban babbar mota,
Gida na uku bayan gidan mai,
Layin Makanikai.
Litinin, 17 ga Maris.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Bayar da Fasfo.

Ranka ya daɗe,

Game da: Riƙe fasfon maiɗakina saboda na'urarku ta kasa ɗaukar zanen yatsunta

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri a kan aikinka, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni ban taɓa zama a aji ba. A jikin motoci da allunan hanya na koyi karatu, kuma takardar nan da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya riƙe mini biro. Shekara arba'in da ɗaya ina kan sitiyari. Sau biyu mota ta kife da ni, sau ɗaya gada ta karye a ƙarƙashina, har an taru ana kukana na shigo da ƙafata ina tambaya ko an rage mini abinci. Ban faɗi haka don alfahari ba, sai don ka san mai rubuto maka ba irin wanda ƙaramin abu ke ɗaga wa hankali ba ne.

1. Maiɗakina ta yi shekara talatin da takwas tana dafa wa ɗalibai ɗari shida abinci a makarantar kwana. Duk tsawon nan a tsaye take cin nata, a bakin tukunya, da ludayi. Ranar 20 ga Janairu likita ya tabbatar da ƙari a maƙogwaronta. Ya sa ranar aiki 22 ga Afrilu, ya ce bayan aikin ta bututun roba za a riƙa ba ta abinci. Na tambaye shi har yaushe, sai ya shiga juya takardunsa.

2. Autarmu, wadda malamar makaranta ce, ta shirya kai uwarta wani birni na ƙasar waje da ke bakin teku, daga 5 zuwa 11 ga Afrilu. Ba magani za su nema ba, ba sayayya ba, ci kawai za su je yi. Ta ce so take uwarta ta zauna a kujera, wani ya dafa, wani ya kawo, wani ya kwashe kwanuka. Su biyun sun yi makonni kai a haɗe a kan waya suna zaɓen wurare, har suka rubuta ashirin da ɗaya a littafi: mai gasa kifi a bakin ruwa, gidan burodin da ake layi tun safe, tsohuwa mai miya a lungun kasuwa, da sauransu. Ni ba na cikin tafiyar. Sun ce in ina tebur ba wanda zai ji ɗanɗanon komai saboda surutu. Na yarda, duk da ƙazafi ne.

3. Ranar Talata 4 ga Fabrairu muka zo ofishinku da takardu cikakku. Na autar ya tafi lafiya lau. Da aka zo kan uwarta, a taga ta uku, na'ura ta ƙi yatsu goma, ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin wurin ya ce hannun ne ba tsabta, ta je ta wanke ta dawo. A gaban jama'a ya faɗa, ranka ya daɗe, ga matar da ba a taɓa tsintar ko gashi a abincinta ba. Ba datti ba ne. Zafin tukunya da sabulu da soson ƙarfe ne suka cinye zanen.

4. A nan akwai laifina, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na ɗauki maganar ma'aikacin da gaske. Na ce hannun da ya sha baƙin mai irin nawa ma na san yadda ake fitar da shi. Kwana biyar ina sa ta jiƙa yatsu a ruwan lemon tsami, ina goge mata da dutsen goge kaushi. Tana cewa Malam akwai zafi, ina cewa ta daure, na san aikina. Ɗan zanen da ya rage a ƙaramin yatsanta na hagu, ni na shafe shi. Autar ta yi kwana uku ba ta gaishe ni ba, ban kuwa ga laifinta ba.

5. Ranar 18 ga Fabrairu muka koma, na'ura ta ƙi. Wata ma'aikaciya mai kirki ta ce a hutar da hannun. Mako biyu yana cikin man shafawa da safar hannu, ni nake girki, kuma ban da tukunya biyu da suka ƙone ba wanda ya kwana da yunwa. Ranar 4 ga Maris na'urar ta sake ƙi. Muka kawo takardar likitan fata mai cewa zanen ba zai dawo ba. Aka karɓa, aka ce tana teburinka, sa hannunka kawai ake jira. Yau kwana goma sha uku. Sau huɗu ina zuwa, ana ce mini kana taro.

6. Ciwon ba ya jiran taro, ranka ya daɗe. Duk mako autar tana ɗaukar biro ta soke abin da uwarta ba ta iya haɗiyewa kuma. Nama ya fara fita, sai burodi mai ɓawo, sai duk wani abu mai yaji. Cikin ashirin da ɗayan nan tara suka rage, yawancinsu miya da kayan sanyi. Kifin yana nan tukuna. Ofishin biza kuma sai ya riƙe fasfo kwana goma na aiki, wato in bai fito ranar Juma'a 21 ga wannan wata ba, zance ya ƙare.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya duba takardar likitan, ya sa hannu a yafe mata ɗaukar yatsu, a ba ta fasfonta kafin ranar da na ambata. Ba na neman a hukunta ma'aikacin taga ta uku. Yaro ne, bai taɓa sauke tukunyar mutum ɗari shida ba.

Saura abu ɗaya. Jiya da la'asar na same ta tana fitar da kayanta daga akwati, tana mayarwa durowa a hankali don kada autar ta gani. Sai bakina ya riga ni. Na ce mata ta mayar da kayan cikin akwati, ai Shugaban ofishin tsohon sanina ne, mun yi magana, an gama. Ta yarda, har ta sa aka goge mata mayafinta sabo. Ni da kai ba mu taɓa haɗuwa ba, ranka ya daɗe. Don Allah kada ka bari ta gano.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mijinta,
wanda direbobi ke kira Tsohon Ƙarfe.