Kwala Ba Riga

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki? Mu ma lafiya, sai dai Inna ba ta cin abinci sosai.

Ka san ba na iya magana a gabanka, shi ya sa na rubuta. Ka ce ƙasar da ke sayen rigunan kamfaninku ce ta ɗora musu haraji, don haka za a kwashe kekunan ɗinki zuwa wata ƙasar da ba a ɗora wa ba. Na ji. To harajin ne ya riƙe sifana? Maƙwabciyarmu mai guga a kamfanin ta ce kai da hannunka ka kwance keken da Inna ke aiki a kai, layi na huɗu, kusa da taga, har kana fito. Yanzu kuma za ka bi kekunan, tunda makaniki suke so, ba masu ɗinki ba.

Kada ka tafi.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, tsohon keken da ka aiko ya iso, da saƙonka cewa Inna ta buɗe shago. Ashe injinta kawai ka sani, ba ka san aikinta ba. Shekara goma sha ɗaya kwala take ɗinkawa. Wata ta yi hannu, wata aljihu, wata maɓalli. Ba ta taɓa yanka riga ba.

Duk da haka ta karɓi yadin matar mai gidanmu. Rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Matar ta ɗaga ta a tsakar gida tana tambaya ko mijinta ya karkace ne ba ta sani ba. Kowa ya yi dariya. Amma kwalar, Yaya, ko a kanti ba ka ga irinta ba. Ba wanda ya duba.

Kai ne ka iya yanka, tun kana yaron tela. Ka zo ka koya mata.

Auta

Yaya,

An ce motarku jibi za ta tashi. Ban tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya.

Inna ba ta yi fushi ba, ni ce na yi. Ta ce ɗanta ba zai je baƙon wuri hannu wofi ba, sai ta yanka zanenta mai kyau ta yi maka abin da ta iya. Suna cikin ƙunshin nan, guda shida, daidai wuyanka.

Ka nemi wanda zai sa musu riga a can.

'Yar Inna