Hannun Kawu Sale

Daura, daren Laraba

Sakamako ya dawo yau. Na'urar ɗakin gwaji, mai gane sinadari ta nauyin ƙwayoyinsa, ta nuna burbushin abin haɗa bam a audugar da na goga a jakar Hadi, ɗan acaɓan Mai'adua da muka tsare. Kowa a ofis sai sannu da aiki yake yi mini. Ni ko tuwo na kasa ci.

Na san abin da ya faru ranar da muka tsare shi. Na riga na sa safar hannu, sai ga Kawu Sale ya fito daga shagonsa na takin zamani, ya miƙo hannu: "Ɗana, ashe kai ne a kan aikin?" Jama'a na kallo. Yaya zan bar hannun yayan mahaifiyata a miƙe? Na rusuna na kama da hannu biyu. Ban canza safar ba, da ita na ɗauki audugar.

An sha gaya mana a kwas cewa gishirin da ke cikin wani takin shi ake samu a wasu bama-bamai. Na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta san hannun wa ya kawo ba.

Kwanan Hadi tara a tsare. Ɗazu matarsa ta tare ni a bakin ofis da kwanon abinci: "Yallaɓai, don Allah a miƙa masa. Allah ya saka da alheri." Na karɓa, har na ce amin.

Na rubuta wa oga bayanin komai, takardar na aljihuna tun la'asar. Wataƙila ta ci aikina. Amma in na sake wucewa ta ƙofarsa gobe ban shiga ba, kwana na goma ba kuskure ba ne, ni na zaɓa.