Buhun da Aka Iske Jikin Inji, Ni Na Ɗinka Shi

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa irin ta talaka. Ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da jama'a? Allah shi ƙara lafiya da haƙuri.

Ni ce Inna Dije mai ruwan sanyi da kunun tsamiya, tsohuwar nan da ke zama gindin bedi, iccen dogon yaro, a ƙofar buronka, ofishin gari, wadda kake ɗaga wa hannu daga cikin mota. Ban yi lakol ba, karatun boko. Ni ke faɗi, Malama Hinde da ta aje aikin koyarwa tana rubutawa, maƙwabciyata Ai na zaune tana shaida. Na ce masu kar su gyara mani magana.

Wallahi tsoro nake ji. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa tsayawa gaban hukuma ba, ko motar jandarma na gani sai in gyara lulluɓi. Amma na ji an ce za a sallami Madam Rabi, wadda ke buga takardun haihuwa, wai ita ta kashe injin buro da ta naɗe shi cikin buhu. Ba ita ba ce. Ni ce.

Na ɗaya, a fara da shi injin, wanda kuke ce ma ordinatar. Ya riga Madam zuwa buron nan, ni kuma na riga shi. Ina zaune aka sauke shi, ƙaton baƙin akwati da gilashinsa, maza biyu suka ɗauka. Jikata da aka buga wa takarda cikinsa yana sabo, yanzu goyo take. To ka ga ba yaro ba ne.

Da safe Madam ta danna shi, ta fito ta gaishe ni, ta sha kunu, mu taɓa hira, ta koma, shi ko miƙa bai gama ba. In ta buga sunan jariri sai wani ɗan zobe ya yi ta kewaya a gilashi kamar akuya a turke. Ga gurnani, ga huci. Ba abin da ba ta yi ba. Ta kashe ta kunna. Ta share tsofaffin hotunan taro da aka cusa mashi. Ta hana kowa soka mashi ɗan abin nan da ake kwasar waƙoƙi da shi. Ta rubuto maku takarda a duba shi, damina biyu ke nan, a gabana ta miƙa. Shiru. Amma kujerun ɗakin taro an sake su, har da labule. Ban ce kar manya su zauna ba, ranka shi daɗe, na dai gani ne.

Mutanen ƙauye kuwa da ke wuni a layi, ita suke zagi. Wurina suke zuwa shan ruwa, ni ke jin abin da suke cewa: wai da gangan take jan aiki don a ba ta na goro. Matar da ko goron gaske ba ta ci.

Na biyu, abin da na aikata. Kowa ya san ruwana ya fi na kowa sanyi a garin nan, kuma ba ni da firji. Buhun algarara nake ɗinke wa jarka, riɓi biyu, in jiƙa shi, in aje inda iska ke bugawa. Wurin uwata na koya can Gidan Rumji, ita da tulu take yi. To kullum Madam na cewa, Inna, zafi ne zai kashe injin nan. Sai na riƙe maganar a raina. Na ce ashe ciwon da na san maganinsa ne.

Da aka yi wa Madam rasuwa ta tafi Gazawa sati guda, na ce bari in yi mata abin da za ta dawo ta ji daɗi. Dama ina taya shara, shi ya sa mai gadi bai hana ni shiga ba. Bai san komai ba, kar a taɓa shi. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na auna akwatin da taƙi. Na sami sabon buhu, na zauna da basilla na yi ɗinkin da ko jarkata ban yi wa ba. Na bar kafa wurin dannawa, na bar wurin igiyoyi. Waɗannan ƙananan hudojin masu kama da rariya kuwa na toshe su sarai, don a zatona ta nan zafi ke shiga. Ruwa ma, ba zan ɓoye ba, na yayyafa, safiya biyu. Wanda ya riƙe wa Madam aiki ya gani, ya ɗauka tsarinta ne.

Rana ta uku ranar kasuwa ce, fili cike da iyaye masu neman takardar sa yara lakol. Wajen azahar gilashi ya yi baƙi ƙirin, wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ina gindin bedi na ji an ce inji ya mutu. Moɗa ta faɗi daga hannuna.

Na uku, abin da mai gyara ya faɗi, don na lura rabinsa aka kawo maka. Daga Agiye aka kira shi, Malam Lawali. Ina bakin taga ina leƙe. Da ya jawo akwatin ya riƙe baki ya ce, wa ya ɗinka wa inji riga, idi za shi? Kowa ya kwashe da dariya. Da ya shafa ya ji danshi sai dariya ta ƙare. Ya ce da ruwan ya ratsa ciki, da wuta ta kama wanda ya taɓa. Wannan ita ce ke tsinka mani zuciya har yanzu.

Amma da ya buɗe ciki, me ya tarar? Gidan zanzaro biyu manne da fankar da ke hura mashi iska, ga yana, fanka ko motsi ba ta yi. Zanzaro kuwa ba ya gini cikin kwana uku, wannan ko ni na sani. Ya ce hudojin nan hancin inji ne. In ƙwaƙwalwarsa ta ɗauki zafi, da kansa yake rage sauri don kar ya ƙone, kamar jaki da tsakar rana. Ya ce buhu ƙarasawa kawai ya yi, ciwo uku ke jikinsa tun tuni. Fanka ta mutu. Wurin da yake riƙe aikin da ke gabansa ƙarami ne, kamar a ce mace ta yi tuwon biki a tukunyar mutum biyu. Sannan rumbun da yake ajiya ya tsufa, in ya ƙarasa lalacewa sunayen yaran garin nan za su bi shi.

Malam Lawali ya kankare gidan zanzaron, ya hure, ya shafa wa ƙwaƙwalwar wani farin magani, ya sa fankar aro, ya hana wasu tarkace da ke tashi tare da injin da safe ba aikin fari ba na baƙi. Alhamdu lillahi, ya farfaɗo. Yanzu kafin Madam ta kai rabin kofi ya tashi. Har ina ɗan jin haushi, hirarmu ta ragu. Sai dai ya ce fankar aro ba za ta kai bazara ba, ya rubuta abin da za a saya a Maraɗi ya bari. Ina takardar ta shiga, ranka shi daɗe? Maganar buhu ta iso gare ka, maganar zanzaro ta maƙale a hanya.

Na huɗu, ita Madam. Da ta dawo aka nuna mata buhun. Ta san ɗinkina, kullum tana ganinsa jikin jarka. Ta ɗago ta dube ni ta taga sau ɗaya, ta ce masu laifinta ne. Na bi ta gida ina kuka, ta ce, Inna, ki yi shiru, in aka tashe ki daga gindin bedi ina za ki? Ita ce ba ta tambayi kanta ina za ta ba, ga yara huɗu. Na san za ta yi fushi da wannan takarda. Ta yi.

Ni ba ni da ƙorafi da duniya. Ina da inuwa, ina da awaki biyu, mutane na kirana Inna ko ba ni na haife su ba, in na kwana biyu ban fito ba sai an aiko dubiya daga buronka. Na gode Allah, na gode maku. Amma ba zan iya zama cikin inuwar nan ba in ga wata ta zauna kujerar Madam saboda basillata.

Ga roƙona. A bar Madam Rabi a aikinta. A nemo takardar Malam Lawali a sayo abin da ya rubuta tun rumbun bai tafi da sunayen jikokinmu ba. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora shi bisa benci inda zai sha iska, haka mai gyara ya ce, ba ni ba, ni na tuba da likitancin inji. In akwai horo, ga ni. Maƙwabciyata Ai ta yarda ta riƙe mani awaki in abin ya kai gidan kaso.

Na ƙarshe, a karanta takardar nan da ƙarfi a ƙofar buro ranar kasuwa, lokacin da layi ya cika. Zan miƙe tsaye har a gama, ko da Ai za ta riƙe ni, don waɗanda suka zagi yarinyar nan su san inda za su duba. In dariya za su yi, su yi. Na tsufa da jin kunyar dariya.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka masu faɗa maka magana cikakkiya, shi kai mu damina lafiya.

Wassalam.

Taka,
Inna Dije mai ruwan sanyi.
Ga yatsana na dangwala.