Rudun Albasar Yaya Bello

Daren Laraba, farkon damina, Argungu

Ni ne babban likitan ƙwaƙwalwa na jihar Kabi, amma yau na ga aikin da ya fi ƙarfina.

Tun ranar da Yaya Bello ya buɗe rudun da ya adana albasarsa ya ji wari, ya kwanta a ɗaki, ba ci ba fira. Maganarsa ɗaya ce: "Duk abin da nit taɓa sai ya ruɓe." Har fadamarsa ya ce zai sayar. Na kwaikwayi tafiyar ladan don ya yi dariya, ko kallona bai yi ba.

Yau Kaka ta ja shi gaban rudun. "Zamna, raggon mijina, ka tsince min ruɓaɓɓun." Ya tsince har la'asar. Ruɓaɓɓu kwando guda, masu kyau tuli har gwiwa.

Ta ce, "Warin 'yan kaɗan ya cika maka hanci, kai ko ka ɗauka kai ka wari. Tunanin nan ya kwantar da kai, ba albasa ba."

Bai warware duka ba, amma ya ci tuwo, ya bar zancen sayar da fadama.

Gaskiya dai Ɗanjuma ne ya rubuta, ƙanensa, mai karatun allo kaɗai. Babbar likitar tana can tana minshari.