Juyar Baba Ta Haihu

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya Legas, ya su Hajara? Mu nan Wara lafiya lau.

Albishirinka! Juyar saniyar nan da Baba ya so kai wa mahauta ta haihu. Ƙanwarmu Hadiza ce ta haɗa ɗan tayi a ɗakin bincikenta, ta zo ta dasa mata. Lokacin Baba cewa ya yi, "Ciki ba bijimi? Wannan shirmen kike karanta?"

Yanzu Inna kunun kanwa take dama wa 'yan barka. Baba kuwa duk wanda ya sauko daga kwalekwale sai ya ja shi turke: "Zo ka ga aikin ɗiyata!"

Gaishe da kowa. Ku yi addu'a maraƙin ya rayu, don Baba ya cika baki har Yauri.

Ƙanwarka,
Balki